Majo Ba Ya Nan

Gidan Jika, kusa da Gidan Sori
6 ga Yuli

Zuwa ga ɗiyata Rahina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Ina aiki, ina damana? Mu nan lafiya lau, an yi ruwa uku masu kyau, mun gama noman fari. Gwiwata ce dai take damuna in na daɗe a duƙe.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne Ilyasu ɗan Dodo. Kakarki Hafsa da uwata 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da ke tun rasuwar Hafsa a Agye, lokacin kina lakol, wato makarantar boko. Na ji yanzu kina Gazawa, kuma aikinki shi ne duba ko ana kula da marasa lafiya yadda ya kamata. Shi ya sa na tuna da ke.

Shekara uku ke nan mutanen garin nan suka ɗora ni shugaban kwamitin likitarmu, wato ƙaramin asibitin garin. Watan jiya masu duba aiki suka zo da farar mota. Sun buɗe kaye-kaye, littattafan da ake rubuta marasa lafiya, sun leƙa firjin allura, sun dubi takardun da aka liƙa a bango, har makewayi sun leƙa. Suka ba mu tamanin da shida bisa ɗari. Maigari ya yi murna, ni ma na yi.

To amma Rahina, daga ruwan fari zuwa yau na tsaya a kan kabarin yara bakwai, kuma dukansu an kai su likita. Na rasa yadda zan haɗa tamanin da shida da bakwai ɗin nan. Ke da kika san aikin, ki gaya mini, yaya ake auna wannan abu?

Ban kira ki a waya ba saboda sai an hau tudu ake samun rezo, kuma can kowa na jin abin da mutum yake faɗi. Na ba Hambali direba takardar, shi ke bin Maraɗi zuwa Gazawa.

Kawunki,
Ilyasu


Gazawa
13 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Ilyasu,

Wa alaikumus salam. Kawu, ban manta ka ba. Kai ne ka kawo buhun wake ranar uku ta Kaka Hafsa. Muna lafiya, sai ƙaramar ɗiyata da ta yi masassara, ta kuma warke. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Allah ya jiƙan yaran, ya ba iyayensu haƙuri.

Tambayarka ita ce ke hana ni sukuni a aikina. Kaye yana nuna wanda aka rubuta ne. Ba ya nuna awa nawa mace ta yi a layi da yaro a cinya, ba ya nuna wadda ta gaji ta koma gida. Likita na iya zama fes a takarda, yara na mutuwa a ƙofarta.

Ga abin da muke yi. Ka bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, a hankali, bayan ka yi gaisuwa. Ka tambayi uwar yaushe ciwon ya fara, wace rana suka je likita, wa ya duba yaron, sun jima ko ba su jima ba, me aka ba shi, an ce su wuce babban asibiti ko ba a ce ba. Ka rubuta yadda ta faɗa, kada ka gyara mata magana, kada ka sa naka ra'ayin. Ba mai laifi ake nema ba, inda abin yake lalacewa ake nema.

In ka gama ka aiko mini.

Ɗiyarka,
Rahina


Gidan Jika
24 ga Yuli

Rahina,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Jikata Saliha, ɗiyar ɗana Abdulhadi, ta fara tafiya satin nan, ta hana kaji sakat.

Na yi abin da kika ce. Kwana tara ya ɗauke ni, don wasu gidajen sai na koma sau biyu.

Na farko ɗan Shatu, shekara biyu. Jiki ya yi zafi, washegari da hantsi ta kai shi. Majo yana nan, Mas'ud ke nan, babban malamin likitarmu. Ta tarar da mata sun fi arba'in a layi. Ta ce mini: “Baba, na ga idonsa na juyewa, amma na ji kunyar tsallake mutane.” Ba wanda ya leƙo ya dubi layin. Da azahar yaron ya fara jijjiga, kafin a shigar da shi ya cika a cinyarta.

Ta biyu ɗiyar Hamdiya. Ranar kasuwar Gidan Sori aka kai ta. Majo ba ya nan. Mai ba da magani ya ba su na zafin jiki, ya ce su dawo gobe. Ba ta kai gobe ba.

Na uku, ranar kasuwa ne kuma. Majo ba ya nan. Sun jira har la'asar suka koma.

Na huɗu majo ya gan shi, ya ce jininsa ya ƙare, a wuce babban asibiti. An sa shi a amalanke zuwa bakin kwalta, a hanya ya rasu.

Na biyar da ta shida, ranar kasuwa, majo ba ya nan.

Ta bakwai mai tamowa ce, ta daɗe tana ciwo, uwar ta ƙi magana. Ban matsa mata ba.

Ban sa ra'ayina ba, kamar yadda kika ce. Tun da na gama rubutun nan abinci ba ya yi mini daɗi. Maganar tana hannunki yanzu.

Kawunki,
Ilyasu


Gazawa
29 ga Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka da mutanen gida. A shafa mini kan Saliha.

Na karanta takardarka sau uku. Layin da ba a dubawa da rashin mota matsaloli ne da muke da su ko'ina. Amma yara huɗu cikin bakwai, duk ranar kasuwa, duk majo ba ya nan! Na san irinsu, Kawu. Na yi aiki da wani a Agye, da kasuwa ta ci sai ya rufe ɗaki ya tafi harkar gabansa.

Da ka ce maganar tana hannuna, na gane nauyin da ka ɗora mini. Jiya an yi taronmu a Maraɗi. Na miƙe na karanta takardarka a gaban manya, na kuma ba shugaban da ke kula da likitocin yankinku kwafi. Ya yi alkawari ba za a kwana a kanta ba.

In akwai abin da ban sani ba game da mutumin nan, ka sanar da ni da wuri.

Rahina


Gidan Jika
21 ga Agusta

Rahina,

Ina fata kina lafiya. Mu nan ba lafiya ba. Saliha ta rasu ranar Talata ta makon jiya.

Takardarki ta 29 ga Yuli sai shekaranjiya ta iso. Ruwa ya cinye hanya, motar Hambali ta yi sati uku ba ta shigo ba. Da ta zo a kan lokaci da na hau tudu na kira ki, ko duk garin zai ji.

Ranar biyu ga wata aka aiko wa Mas'ud ya je buro, ofishin manyansu, ya yi bayani. Ya dawo bayan kwana biyu, ya ce an tsayar da shi, za a aiko wani. Ya ɗaure katifarsa a bayan moto, wato babur ɗinsa. Na same shi yana sa kwaɗo a ƙofa. Ya ce mini: “Baba Ilyasu, an nuna mini takardar. Na gane rubutunka.” Na ce ban rubuta ƙarya ba. Ya ce: “Ban ce ƙarya ba ce. Amma kullum muna tare a ƙarƙashin itacen bedin nan. Me ya hana ka rubuta inda nake zuwa?”

To bari in rubuta yanzu, tun da ban rubuta ba a lokacin. Mas'ud shi kaɗai ne malamin likita a garin nan da ƙauyuka goma sha ɗaya. Ranar kasuwa ce kawai mota ke fita daga nan. Ranar da aka kai ɗiyar Hamdiya ya tafi ɗauko magani, don na masassara ya ƙare. Ta biyu an kira shi horo, da takarda daga sama. Ta uku yana cikin kasuwar da akwatin allura yana yi wa jarirai rigakafi, don a nan ake samun matan rugage. Ta huɗu ya raka wata mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, kuma matar tana nan da ranta. Duk garin nan ya san haka. Ban rubuta ba don ke kika ce kada in sa komi sai abin da uwa ta faɗa. Ranar kasuwa kuwa, da ita muke lissafin kwanaki, ba wani abu nake nufi ba.

Kuma da na ce maganar tana hannunki, nufina ki duba ki ba ni shawara, irin ta ɗiya da kawunta. Ban ce ki karanta sunan garinmu a gaban manya ba.

Wanda aka ce za a aiko bai zo ba, an ce hanya. Likita ta yi kwana goma sha shida da kwaɗo, a tsakiyar Agusta, ke kin san yadda masassara ke kama yara a Agusta.

Saliha ta fara zafin jiki ranar Lahadi. Uwarta Zalika ta ba ta abin da ya rage a gida. Litinin ta daina shan nono. Talata da safe muka nufi babban asibiti, Abdulhadi ya ɗauki moto, Zalika a baya da yarinyar, ni ina biye a moton maƙwabci. Muka iske ƙorama ta cika. Muka bar baburan muka ratsa da ƙafa, ruwa har ƙirji, Abdulhadi ya ɗaga ta sama da kansa. Da muka haye Zalika ta karɓe ta, ta buɗe zanen, sai ta zauna a cikin taɓo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce: “Ku mayar da mu gida.”

Bayan ita an binne wasu uku. Mutane sun san ni na yi rubutun. A masallaci ana ba ni hannu, ba a kallon fuskata.

Ban san abin da nake so ki yi ba. Na ga dai ya kamata ki sani.

Ilyasu


Gazawa
27 ga Agusta

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Saliha, ya sa mai ceto ce. Allah ya ba Zalika da Abdulhadi haƙuri, ya ba ka.

Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ni na rubuta maka cewa ba mai laifi ake nema ba, ni ce kuma na fara nuna mutum da yatsa. A aikinmu ba a kai magana gaba sai an ji bakin ma'aikacin. Wannan nake koya wa wasu. Na ga ranar kasuwa sau huɗu, na tuna mutumin Agye, na yanke hukunci a kan wanda ban taɓa gani ba. Na tambaye ka bayan na riga na yi magana, ba kafin ba.

Washegarin da takardarka ta zo na tafi wurin wanda na ba kwafin. Na karanta masa ita duka. Ya ce shi ma bai binciki ranakun ba, ga shi takardar kiran horon daga hannunsu ta fita. An ce sabon majo ya isa wurinku. An kuma yarda a je a sake duba mutuwar yaran ɗaya bayan ɗaya, da iyaye, da kwamiti, da Mas'ud.

Na nemi Mas'ud, na same shi a gidan yayansa a Cadakori. Na gaya masa ko ni wace ce. Ya sa aka kawo mini ruwa. Na roƙe shi gafara. Ya ce: “Malama, ni ba a kashe ni ba. Wa ya rasu bayan tafiyata?” Na faɗa masa. Da na ambaci Saliha sai ya ce shi ya yanke mata cibiya. Ya tashi ya shiga ciki, bai sake fitowa ba.

Kawu, zaman nan ba zai yi amfani ba sai da kai. Matan ba za su yi magana a gaban baƙi ba in ba ka nan. Na san ba ni da bakin roƙonka.

Ina so in zo gaisuwa. Ka gaya mini in zo ko kada in zo.

Rahina


Gazawa
19 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya gwiwa?

Hambali ya rantse ya ba ka takardata hannu da hannu, ya ce ka sa ta a aljihu. Sati uku ke nan. Ban sani ba ko fushi ne, ko ciwo, ko wani abin ya sake faruwa. Kullum motarsa ta shigo tasha sai na aika a tambaya.

Bari in gaya maka abin da takardarka ta yi a nan. Labarin ɗan Shatu ya tsaya mini. Na ce a bar ni in riƙa bin layin yara a likitar Gazawa kowace safiya kafin a fara kira. Ina taɓa jiki, ina duba ido da tafin hannu, ina tambayar ko yaro na sha. Ranar farko na ciro uku da ba za su kai azahar ba. Uku, Kawu, a wurin da nake tinƙaho da shi. Shekara nawa ina wuce layin nan da kaye a hannu. Biyu sun tashi, ɗaya bai tashi ba.

An sa ranar zaman garinku, biyu ga Oktoba. Ba a sa ni ciki ba, kuma daidai ne.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in san kana lafiya.

Rahina


Gidan Jika
8 ga Oktoba

Ɗiyata Rahina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Lafiyata ƙalau. An fara girbi, hatsi ya yi kyau bana. Takardunki biyu sun iso. Na zauna zan ba ki amsa ya fi sau biyar, sai in ga abin da zan rubuta ba mai daɗi ba ne, sai in tashi.

An yi zaman. Da farko na ce ba zan je ba, har na gaya wa maigari ya nemi wani shugaban kwamiti. Shatu ce ta zo har gona ta same ni. Ta ce: “Baba, ka shigo ɗakina ka sa na faɗi abin da ban gaya wa mijina ba. Yanzu kuma sai ka ɓuya?” Sai na je.

Mutum uku suka zo, wannan karon ba su leƙa makewayi ba. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar likita. Mas'ud ya zo, ya zauna can gefe. Aka bi yaran ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗaya yanzu. Shatu ta yi magana, Hamdiya ta yi. Da aka zo kan Saliha aka dubi Abdulhadi, ya kasa, sai ni na faɗa. Babbar cikin baƙin ta tambayi Mas'ud me yake gani ya kamata a gyara. Ya ce ya rubuta musu sau uku yana neman mataimaki. Ta buɗe jakarta ta ce ta ga takardun, shekaranjiya ta gan su.

Ga abin da aka tsayar. An ƙaro malama ɗaya, saboda in sabon majo, Usmanu, ya fita, kada a bar ɗakin ba kowa. Ba za a ƙara rufe likita ba sai wanda zai karɓa ya iso. Duk safiya za a bi layi a ciro yaron da ya galabaita, kamar yadda kika ce kina yi. An koya wa mata biyu na kwamiti alamomin, Shatu na ciki. Maganar mota da hanya an ce za a kai gaba. Wannan na sha jin ta.

An wanke Mas'ud a gaban kowa, aka ce in yana so ya dawo. Ya ce a'a. Ya gaisa da maigari, ya gaisa da ni, ya ce Allah ya jiƙan Saliha. Na riƙe hannunsa, ya zare a hankali ya tafi.

Ranar Alhamis Shatu ta ciro wani yaro daga ƙarshen layi, ɗan wata Bafulatana, tafin hannunsa fari fat. An yi masa allura nan take aka wuce da shi, an ce ya tashi. Mutane na cewa aiki ya yi kyau. Ina jin su. Gaskiya ne kuma.

Game da laifi, na daina raba shi. Ke kin yi gaggawa, ni na rubuta rabin magana, waɗanda ke sama sun sa hannu ba su tambaya ba. Na yafe miki nawa. Amma ba ni kaɗai ke da hakki ba.

Kin tambaya ko ki zo. Ki zo bayan an gama ɗaurin hatsi, hanya ta bushe. In kin zo kada ki fara da ni, ki fara shiga wurin Zalika. Ta san sunanki, ta san abin da ya faru, ni na gaya mata da bakina. Ban san abin da za ta ce miki ba. Ni tun ranar ƙorama ba ta ce mini komi ba. Tana durƙusawa ta ajiye mini tuwo kamar kullum, ta tashi ta fita. Ina ci, don kada ta ga na bar shi.

Allah ya sada mu da alheri.

Kawunki,
Ilyasu ɗan Dodo